Mai gudu ko mai tsaro: wa za ka ɗauka idan gurbi ɗaya ya rage?

1/
Yau ba zancen Firimiya zan yi ba, a yi mini afuwa 😅 Zare ne a kan wani wasan ƙwallon kwando na intanet da nake bugawa, da wata tambaya da kullum take raba kan masu buga shi: gurbi ɗaya ya rage maka, ga yaro mai gudu kamar barewa, ga wani da ya iya tsaro. Wa za ka ɗauka? Ni mai tsaron nake ɗauka. Ku biyo ni ku ji dalili 🧵

2/
Sunan wasan Hoops Dynasty, a shafin WhatIfSports yake. Kada ku kawo FIFA a ranku, nan babu abin dannawa ka yi yanka. Kai koci ne na ƙungiyar wata jami'a a Amurka. Ka nemo 'yan wasa, ka raba musu lokacin atisaye, ka tsara dabara, sai kwamfuta ta buga wasan. Kai kuma ka zo ka karanta yadda ta kaya. Lambobi ne da rubutu kawai, shi ya sa ko data ba ya ci sosai.

3/
An tsara shi kamar yadda gasar jami'o'in Amurka take, rukuni uku. Daga rukuni na 3 ake farawa, ƙananan makarantu. In ka yi abin kirki makarantar da ta fi girma ta ɗauke ka aiki. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da kake karawa da su mutane ne irinka ke riƙe da su, sauran kuma kwamfuta. Kuma kowace kaka biya ake yi, da dala. Wanda ya san yadda canji yake yanzu ya san ba a wasa da kaka guda.

4/
Abin da ya sa zawarcin 'yan wasa ya fi komai nauyi: mutum 12 kake da su a ƙungiya, kuma ɗalibai ne. Babu kasuwar saye da sayarwa irin ta ƙwallon ƙafa da za ka ce in Janairu ta zo ka rabu da shi. Wanda ka ɗauka yau, galibi naka ne har kaka huɗu, sai ya gama karatu. In ya yi kyau ka ci moriya shekara huɗu. In bai yi ba, haka za ka yi ta kallonsa a benci kuna gaisawa.

5/
Kowane yaro yana zuwa da maki a fannoni daban-daban, ƙololuwa 100. Akwai kuzarin jiki, gudu, tsaro, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, tare jifa, ci daga ƙarƙashin kwando, jifa daga nesa, riƙon ƙwallo, miƙa ƙwallo, juriya, da himma wurin atisaye. Mu a wannan zaren ido a kan uku: gudu, tsaro, da juriya. Ku riƙe ta ukun nan, za ta dawo.

6/
Kuɗin zawarci kuma ƙididdigagge ne. Da shi za ka leƙa jihohi ka gano yara, da shi za ka kai ziyara gidan yaro, da shi za ka gayyato shi ya ga makaranta. Yaron da ya haɗa komai, manyan makarantu sun riga ka. Kai da ke ƙasa, abin da ke gabanka yara ne masu aibi. Saboda haka aikinka na gaskiya shi ne zaɓen aibin da za ka iya zama da shi. Wannan ita ce sana'ar gaba ɗaya.

7/
Mu ɗauki misali. A ce yara biyu ne, gurbi ɗaya suke bugawa, a gefe. Na farko gudu 80, tsaro 35. Na biyu gudu 55, tsaro 75. Sauran makinsu kusan ɗaya. Kuɗinka ba zai kai ka yi kokawa a kan duka biyun ba. Na tabbata rabin masu karanta wannan zaren har sun miƙa hannu kan na farko. Kada ku musa, na san ku 😂

8/
Kuma na san inda muka samo wannan ɗabi'a. Duk wanda ya tashi a shagon gem ya san doka ɗaya: nemi mai gudu, ka jefa masa doguwa, ya tsere. A can hannunka ne ke tuƙa ɗan wasan, kai ne hankalinsa, ƙafa kawai kake nema a wurinsa. A nan kuwa ba ka cikin fili. Abin da yaron bai iya ba, babu yatsan da zai iya masa.

9/
Akwai wani abokina da muke wannan wasan tare, shi ɗan a-matsa ne na gidi. Tsarinsa shi ne matsa wa abokin hamayya lamba tun daga ƙarƙashin kwandonsa har ƙarshen fili, minti 40 babu numfashi. Kullum sai ya ce mini, "Mutumina, kai fa tsoro ke damunka. Ka ɗebo yara masu ƙafa ka sake su, ka ga aiki." Ni kuma in ce, "Malam, sannu ba ta hana zuwa."

10/
Bari in yi masa adalci, don hujjarsa ba ta banza ba ce. A ƙwallon jami'a daƙiƙa 10 kake da ita ka tsallaka da ƙwallo rabin fili, 30 kuma ka yi jifa. In aka matsa maka tun daga baya, lokaci na tafiya, hannu na rawa, sai ka zubar da ƙwallo. Duk ƙwallon da aka ƙwace, jifa ɗaya ke nan da ba ka samu ka yi ba, su kuma ga su a guje sun nufi kwandon da babu kowa.

11/
Kuma an ci kofi da wannan salon a zahiri. Nolan Richardson, kocin jami'ar Arkansas, har laƙabi salonsa ya samu, wai minti arba'in na azaba. A 1994 suka doke Duke 76 da 72 suka ɗauki kofin ƙasa, a 1995 suka sake zuwa wasan ƙarshe. Wannan labarin abokina ya haddace shi kamar karatun allo. Duk gardama sai ya jawo mini shi.

12/
To amma ga abin da ba ya son a taɓo: kuɗin gudu. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, jimilla minti 200 ke nan da za ka raba. Mai tsaro a natse zai iya ba manyan 'yan wasansa mintuna masu yawa, ya rayu da mutum takwas ko tara. Mai matsi kuwa yaransa na saurin gajiya, kuma a wasan nan gajiya tana zaftare ƙwazon ɗan wasa. Ga juriyar da na ce ku riƙe ta dawo.

13/
Sai keta. A jami'a keta biyar ake fitar da mutum daga wasa, ba shida irin na NBA ba. Kuma daga ketar ƙungiya ta bakwai a rabin lokaci, abokan hamayya sun fara zuwa layin jifan kyauta. Yaro mai gudu da bai iya tsaro ba shi ne uban masu keta: ya iso da wuri, bai san yadda zai tsaya ba, sai ya kai hannu. Kafin a tafi hutu yana da uku, yana benci yana shan ruwa.

14/
Ka haɗa biyun, gajiya da keta, sai ka ga mai son gudu ba yaro ɗaya yake saya ba. Dole ya cika benci da mutum 10 zuwa 12 da kowannensu zai iya shiga fili ba a ji kunya ba. Da wane kuɗin? Wanda muka ce ƙididdigagge ne. Ni kuwa in na samu masu tsaro uku na ƙwarai, sauran guraben zan iya sa mai jifa ɗaya da dogo ɗaya in rufa musu asiri.

15/
Matsalar mai tsaro ita ce aikinsa ba ya ihu. Ka buɗe takardar sakamako ka ga maki 4, ƙwace ɗaya, shi ke nan, kamar bai zo ba. Ni ba layinsa nake dubawa ba, layin wanda ya riƙe nake dubawa. Gwarzonsu da ya saba zuba maki ashirin yau ya yi jifa goma sha biyar, huɗu suka shiga. To wannan aikin wa? Sunan yarona ba ya wurin, amma hannunsa na wurin.

16/
Yadda nake fassara makin biyu ke nan: gudu shi ke kai ka wurin, tsaro shi ne abin da za ka yi in ka isa. Ku tuna Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda ya yi jami'ar Houston. Gola ne a ƙwallon ƙafa tun yana yaro kafin ya koma kwando. Har yau shi ke riƙe da tarihin tare jifa a NBA, 3,830. Sanin inda za a ajiye ƙafa da lokacin da za a tashi sama, abin da makin tsaro ke wakilta ke nan a wurina.

17/
In abokina ya kawo Arkansas, ni kuma sai in kawo Loyola Marymount ta koci Paul Westhead. A kakar 1989 zuwa 1990 suna cin maki 122.4 a kowane wasa, tarihin da har yau ba a karya ba a rukuni na 1. A gasar ƙasa suka zuba wa Michigan mai riƙe da kofi 149 da 115. Gudu iya gudu. Amma su ma ana zuba musu sama da 100 a matsakaici, ba su damu ba.

18/
Saura taki ɗaya su shiga huɗun ƙarshe suka haɗu da UNLV ta Jerry Tarkanian. Su ma sun iya gudu, amma kuma sun iya tsaro. Aka tashi 131 da 101. UNLV ta wuce ta doke Duke 103 da 73 a wasan ƙarshe. Haka Arkansas ɗin ma, in ka lura, matsin da take taƙama da shi ai salon tsaro ne. Yaran Richardson masu tsaro ne da Allah ya hore musu ƙafa. Abokina rabin labarin yake ɗauka.

19/
Amma nima akwai labarin da ake ƙure ni da shi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Virginia ta Tony Bennett, sarakan tsaro da tafiyar hawainiya. Maris 2018 sun shiga gasar ƙasa a matsayin lamba ɗaya, suka haɗu da UMBC mai lamba 16. Tun da ake gasar maza ba a taɓa samun lamba 16 ta fitar da lamba ɗaya ba. Aka tafi hutu 21 da 21. Aka tashi 74 da 54. Virginia ta tafi gida.

20/
Me ya faru? Abu biyu da suka shafi wasanmu kai tsaye. Ɗaya, in ka rage saurin wasa ka rage yawan hare-haren kowa, kuma in hare-hare suka yi kaɗan, ƙaramar ƙungiya da hannunta ya yi zafi za ta iya yi maka illa kafin fifikonka ya bayyana. Biyu, ƙungiyar da aka gina don ta riƙe wasa ba ta iya bin bashi ba. In an ba ta tazarar goma, ba ta da ƙafar da za ta kamo.

21/
A wancan wasan babu De'Andre Hunter, ya karye a wuyan hannu, kuma shi ne yaron da ke iya riƙe dogo ya riƙe gajere. Shekara ta zagayo, 2019, Bennett bai canza aƙida ba, Hunter ya dawo. Suka doke Texas Tech 85 da 77 bayan ƙarin lokaci suka ɗauki kofi, Hunter ya ci 27. Kuma Texas Tech ɗin ita ma da tsaro ta iso wurin. Wasan ƙarshe na masu tsaro biyu.

22/
Abin da na ɗauka daga Virginia shi ne: gudu yana da ƙasa da ba a sauka ƙarƙashinta. Ina fifita tsaro, amma ba na ɗaukar kunkuru. Musamman mai raba ƙwallo. Shi kam gudunsa na aiki gaba da baya: da shi yake wuce mutum, da shi yake hana a wuce shi. Mai raba ƙwallo mai tsaro 80 da gudu 30, kafin ya yi amfani da iyawarsa an bar shi a baya yana karanta lambar riga.

23/
Saboda haka gurbi ke yanke hukunci. Mai raba ƙwallo: gudu da tsaro kusan kunnen doki, nan kaɗai nake yarda a yi ciniki. 'Yan gefe: tsaro da kuzari gaba, gudu ya biyo. Dogayen ƙarƙashin kwando: kuzari, cafe ƙwallo, tsaro, sannan can a ƙarshe gudu. Dogo mai gudu 60 da ba ya cafe ƙwallo, ado ne kawai. Yaran misalinmu na sama 'yan gefe ne, shi ya sa na biyun nake ɗauka ba na waiwaye.

24/
Wani abin da sababbi ke tsallakewa: makin da kake gani yau ba shi za ka zauna da shi ba. In ka binciki yaro sosai, wasan na nuna maka da launi fannin da yake da sauran girma da wanda ya kusa tsayawa. Yaro mai tsaro 40 da ke da sauran tafiya, ga himma, zai iya wuce mai 60 da ya riga ya ƙure. Ni ɗan aji uku nake hangowa lokacin da nake kallon ɗan sakandare.

25/
Sai fahimtar tsari. Salon tsaro uku ne a wasan: kowa ya riƙe mutuminsa, kowa ya tsare yankinsa, ko matsi a duk fili. Kowane ɗan wasa yana da darajar yadda ya fahimci kowane salo, kuma da atisaye da buga wasa take hawa, a hankali. Ka canza salo yau, ka mayar da manyan yaranka 'yan koyo. Shi ya sa ba a ɗaukar yaro sannan a nema masa tsari. Tsari ake fara zaɓa, a nemo masa yara.

26/
Ni kowa-da-nasa nake bugawa. A wannan salon babu wurin ɓuya. Kocin da ya san aiki zai duba jerinka, ya gano mai tsaro 35 ɗin nan, ya tura gwarzonsa a kansa, ya ce kowace ƙwallo a bi ta nan. Mai tsaron yanki zai iya lulluɓe rago ɗaya a cikin jama'a. Ni ba ni da wannan gatan. Ƙofa ɗaya in ta lalace, katangar gaba ɗaya ba ta da amfani.

27/
Ga kuma abin da na lura da shi kaka bayan kaka. Matsi na cin ƙungiyoyin da kwamfuta ke riƙe da su kamar tuwo, don sau da yawa masu riƙon ƙwallonsu ba su da ƙarfi. Amma gasar ƙarshen kaka sili-ɗaya-ƙwale ce, kuma can za ka tarar da mutane masu yara da suka iya riƙo da miƙawa. In suka fasa matsin, bayansa fili ne fetal. A ranar ne ake tambayar wa ya iya tsayawa gaban mutum.

28/
Kuma jifa yana da ranarsa. Akwai daren da kwando ke rufewa, gwaninka ya yi ta jifa kamar an sa masa hannu. A irin wannan daren abin da ke riƙe ka a cikin wasa shi ne su ma ba sa ci. Wasa ya zama 58 da 55, mummuna, babu abin nunawa a status. Amma gobe kai ne ke da wasa, wani kuma yana shirin zawarcin kaka mai zuwa.

29/
Kada a ce na ce abokina ba ya cin wasa. Yana ci, har ni yana ci, kuma in ya ci ba ya barin waya ta huta. Kakar da bencinsa ya cika da 'yan aji uku da huɗu, wallahi ba na son ganin sunansa a jadawali. Amma kakar da mutum biyar suka gama karatu lokaci guda, sai ya faɗo ƙasa warwas. Ni hawa da saukata ba su kai nasa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

30/
Abin mamaki, wannan wasan na lambobi ya canza yadda nake kallon na gaske. Da, ƙwallo nake bi da ido kamar kowa. Yanzu ko a filin unguwa ne, wanda ba ya riƙe da ƙwallo nake kallo: wa ya koma baya da wuri, wa ya toshe hanya kafin a miƙa, wa ya sa gwani ya fasa jifa ya mayar da ƙwallo baya. Ba a yi musu tafi, amma su kocin ke fara rubutawa a jerin biyar ɗin farko.

31/
Ga wanda zai gwada, a taƙaice: zaɓi salonka kafin ka kashe ko sisi. In matsi ne, ɗebo masu gudu da juriya, ka tabbata sun iya tsaro ko da daidai gwargwado, ka cika benci. In kowa-da-nasa ne, tsaro da kuzari gaba, ka sa wa gudu iyakar da ba ka sauka ƙasa da ita. Ka duba inda yaro zai kai, ba inda yake ba. In kuma ka rasa na zaɓa tsakanin biyu, ɗauki mai tsaron.

32/
Na san 'yan a-matsa na nan sun shirya, shugabansu ma na san yana karantawa, ina gaisuwa Malam 😂 Ku sauko ƙasa mu yi ta. 'Yan Football Manager ku ma kada ku ɓuya, wannan gardamar taku ce: ɗan baya mai gudu ko wanda ya san inda zai tsaya? A kawo hujja, ban da zagi.